Ramin da Ya Ci Gonar Yaya

Yayana ya yi shekara talatin da ɗaya yana taka keken ɗinki a wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya a bakin kasuwa. Mu biyu kaɗai muka rage a ɗakinmu, shi babba ni ƙarama, shekara tara ce tsakaninmu. Ni Yaya nake ce masa. Sauran jama'a kuwa Tela suke kiransa har yau, duk da rabonsa da allura an daɗe.

Ido ne ya raba shi da sana'ar. Da fari zare ne ya daina shiga masa allura, sai ya leƙa ya kira wani ya zura masa. Daga baya ya ɗinka wa wani mutum wando, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, mutumin ya dawo yana ta masifa a gaban mutane. Yaya ya karɓi wandon. Ya warware ɗinkin, ya ba telan da ke kusa da shi ya gyara, washegari ya sa keken a kasuwa.

Da abin da ya tara ya sayi wani fili a bayan gari, can ƙasan gangare inda gidaje suka ƙare. Ya kwashe mu, ni da matarsa, mu je mu gani. Matar tasa Amarya nake ce mata tun ranar da ta shigo gidanmu, ga shi yanzu jikokinta shida amma sunan ya ƙi sakinta. Muka sha tafiya, muka tsaya a wani wuri da ba komai sai tsakuwa da ƙaya da tarin tsofaffin gwangwanaye.

"To ina gonar?" in ji Amarya.

"Kina tsaye a kanta."

"Au, ni na ɗauka hanyar zuwa gonar ce."

Na ce, "Yaya, ashe da gaske idon nan ya tafi."

Ya yi dariya har yana riƙe gwiwa. Ya duƙa ya ɗebi ƙasa ya murza, kamar yadda yake murza yadi in zai gane mai kyau ne ko na banza. Ya ce mu ba shi shekara biyar.

Hannun da ya saba da yadi da almakashi bai san fartanya ba. A watan farko tafukansa duk suka kumbura suka fashe, Amarya tana ɗaure masa da tsumma tana mita. Ya gina ɗaki biyu da ɗan kicin, suka tare. Kullum da safe yakan tura baro zuwa wajen masu sayar da dabbobi ya lodo taki, sawu huɗu, wani lokaci biyar. Ya yi kurakurai ba adadi. Kajinsa na farko, guda ashirin, mura ta kwashe su cikin mako ɗaya. Tumatir ya dasa shi a cushe, ya tashi duk ganye ba 'ya'ya. Akwai wani maƙwabcinsa da ake ce wa Dogo, manomi ne tun tasowarsa, shi ne yakan leƙo ta kan shinge ya ce, "Tela, wannan shuka ce ko ɗinkin hula?" Sannan ya tsallako ya nuna masa. Abu ɗaya ne Dogo bai taɓa koya masa ba, wato miƙe kunya. Yaya da igiya yake ja, kunyoyinsa kamar an sa rula.

Ba shekara biyar aka yi ba, tara aka yi. Amma a shekara ta tara, in ka fito ta ƙofar baya, sai ka rasa inda za ka fara kallo. Daga dama akwai ɗakin kaji da ya haɗa da tsohon kwano, a samansa akurkin tattabaru. Daga hagu turakun awaki bakwai, cikinsu har da wata tsohuwar ja da yake kira Mai Gardama don ba ta taɓa bin inda aka ja ta ba. Gaba kaɗan fangalan albasa da tumatir da alayyafo, sai rijiya a tsakiya, mai bakin siminti, ruwanta sanyi ƙalau ko da rani. Bayan rijiya gwaba uku, mangwaro huɗu, lemon tsami ɗaya. Daga nan sai masara da wake har zuwa layin zogale da ya yi iyaka da na Dogo. Ba wata babbar gona ba ce, in ka yi sauri minti biyar ka zagaye ta. Amma ta ciyar da su. Amarya tana sayar da ƙwai da ganye a ƙofar gida, kuma ba wanda ya taɓa zuwa gaishe su ya koma hannu rabbana.

Shekarar da maigidana ya rasu, wata biyu na yi a wurinsu. Yaya bai iya ba da haƙuri da baki ba. Kwana uku da zuwana ya miƙo mini guga ya ce, "Albasan nan naki ne. In suka mutu ke kika kashe su." Haka na riƙa tashi ina ban ruwa ina kuka, har na wayi gari ina ban ruwan ba kukan.

A shekara ta goma aka zo yin titi a saman gangaren. Kowa ya yi murna, Yaya ma har da shi, don ya ce yanzu mota za ta riƙa zuwa ɗaukar kaya har kusa. Masu aikin suka tattara duk ruwan unguwannin sama suka bi da shi ta kwalbati ɗaya a ƙarƙashin titin. Bakin kwalbatin ya kalli gangare. Daga nan ba su yi masa hanya ba, suka kwashe motocinsu suka tafi.

Ruwan farko na daminar ya tsaga wata 'yar siririyar hanya ta gefen masara. Ko kaza za ta tsallake ta. Yaya ya cike ta da shebur kafin rana ta yi zafi, ya dawo yana cewa ba komai ba ne. Ruwa na biyu ya kwashe cikon ya ƙara da nasa. Kafin damina ta fita, ramin ya kai ƙugun mutum, kuma layin zogale ya rage saura rabi.

Da rani ya shiga, shi da Dogo suka duƙufa. Suka cika buhuna da yashi suka jera, sun fi ɗari biyu. Suka roƙo tsofaffin tayoyi wurin masu faci suka ɗaure da waya. Suka kakkafa itatuwa, suka dasa ciyawa mai dogon saiwa a gaɓar ramin. Yaya ya ɗauko basilla da kansa yana ɗinke bakin buhunan, da lalube yake yi don ba ya ganin ramin allurar, amma ɗinkin ya fi na kowa ƙarfi. Na je na tarar da shi baƙi wuluk, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya kama hannuna ya kai ni in ga aikin.

"Bana sai dai ruwan ya nemi wata hanya," in ji shi.

Ruwa uku aka yi. A na ukun, buhunan da tayoyin da itatuwan duk suka tafi tare, aka tsinci wasu can ƙasa kusa da rafi.

Sai aka ce masa ya kai kuka ofis. 'Yarsa ta biyu, wadda muke ce wa Malama don tana koyarwa, ta rubuta masa takarda mai kyau. Ya sa rigarsa ta fita, wadda ya ɗinka wa kansa tun ido na gani, na raka shi. Muka zauna a wani dogon benci a baranda tun safe har rana ta take. Wani mai riƙe da fayil ya ce ba nan ba ne, mu je ofishin da ke kula da muhalli. Can suka ce ai aikin titi ne, mu koma inda muka fito. Da muka koma aka ce ɗan kwangilar ne ya kamata ya gyara, shi kuwa ya gama aikinsa an sallame shi. Yaya ya yi ta zarya. Ni sau huɗu na bi shi, shi kuwa na daina ƙirgawa. Masu gadin ƙofar har sun san shi, in sun hango shi sai su ce, "Baba mai rami ya iso."

Sau ɗaya dai aka turo wani injiniya. Mutumin kirki ne, ban ga laifinsa ba. Ya sauka cikin ramin da takalminsa mai tsada, ya ɗauki hotuna, ya hau har bakin kwalbatin ya dawo yana haki. Ya cire hularsa ya goge gumi.

"Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Wannan ya fi ƙarfin shebur. Sai an gina magudana ta kankare tun daga titi har rafi."

"To yaushe za a fara?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni nawa in rubuta ne. Zan rubuta."

Yaya ya sa Amarya ta cika masa leda da gwaba. Mutumin ya ƙi karɓa, Yaya ya bi shi har mota ya ajiye masa a kujera. Ba mu sake ganinsa ba. Na yarda ya rubuta.

A damina ta uku ne Yaya ya fara kafa turke. Yakan auna taku uku daga bakin ramin ya kafa ɗan itace, don in an yi ruwa ya san nawa aka ci. Sau da yawa in ya fito da safe ba ya samun turken ma sam. Sai ya tsaya a wurin, hannuwa a baya, ya daɗe, ranar kuma ba zai ci abincin kirki ba. Amarya ta gaji da ganin haka. Ta koma riga shi fita, in ta ga turken ya tafi sai ta auna taku uku ta kafa wani, ta dawo kicin kamar ba ita ba. Ya yi kwanaki yana shigowa da fara'a yana cewa ramin ya tsaya. Ita ta gaya mini wannan, tana yi tana share ido da gefen zane.

Wata safiya ya shigo da turken a hannu ya ajiye a gabanta.

"Nawa na gwaba ne. Wannan icen girkinki ne, ga ma baƙin wuta a jikinsa."

Ta ɗauki turken ta juya shi.

"Kuma takunki bai kai nawa ba. Kin ma cuce ni da rabin taku."

Ta ce ta ɗauka faɗa zai yi. Sai ya zauna a kan turmi kusa da ita, ya ce ta zuba masa shayi. Daga ranar bai sake kafa turke ba.

Masara ta tafi, wake ya tafi. Mangwaro biyu suka bi su, ɗaya da 'ya'yansa a kai. Ya matsar da turakun awaki sau uku. Ramin ya kai zurfin da in mutum ya tsaya a ciki ba a ganin kansa ko ya ɗaga hannu, faɗinsa kuwa babbar mota za ta juya a ciki. Dogo ya rasa kusan rabin tasa gonar, amma shi yana da wata a wani wuri. Yaya nan ce kawai.

Ranar da rijiya ta tafi ina gidan. Da yamma ne, hadari ya haɗo baƙi ƙirin, muka kora kaji muka shiga ɗaki mu uku. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ƙarar kwano ta hana mu jin juna. Can ƙarƙashin ƙarar kuma akwai wata, ta ruwan da ke gudu cikin ramin, wadda a ƙirji ake jinta. Yaya yana tsaye a bakin taga duk da ba abin da yake gani. Sai muka ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashin tabarma, wani abu ya yi gum. Kwanukan Amarya suka yi ƙara a kan kantar da take jera su.

Ya nufi ƙofa. Na riƙe masa riga ta baya, Amarya ta tare ƙofar da jikinta.

"Ku sake ni in duba."

"Ka duba ka yi me?" in ji ta. "Ka riƙe ta da hannu?"

Ya tsaya. Ya dubi hannuwan nasa, sannan ya koma ya zauna a bakin gado.

Da ruwa ya tsagaita muka fita. Gwaba biyu suna kwance a ƙasan ramin, saiwoyinsu a sama. Rijiyar kuwa an yanke ta gida biyu daga sama har ƙasa, rabi ya tafi, rabi yana tsaye a jikin gaɓa, ana ganin jeren tubalin da aka ɗaure ta da shi. Gugan yana nan rataye a jikin itacensa yana lilo. Yaya ya ce in gaya masa abin da nake gani. Na gaya masa. Ya ce, "To." Ya je ya kwance gugan ya naɗe igiyar a hannu ya shigar da shi ɗaki.

Ba rijiya, ba noman rani. Ya gwada sayen ruwa wurin masu kura, amma fangali ɗaya sai ya sha jarka shida kafin ya jiƙu. Albasa ta bushe a tsaye. Kafin wata damina, bangon ɗakin baya ya tsage, tsagar da hannuna yake shiga har wuyan hannu.

Babban ɗansa, Makanike, shi ya tara mu. Ya zo da kayan aikinsa a jiki, duk baƙin mai, ya durƙusa a gaban uban.

"Baba, na gyara muku ɗaki a gidana. Ku taho."

"In taho in yi me a can? In riƙa ƙirga motoci?"

"Ka huta. Ka yi iya yinka."

"Ku ba ni damina ɗaya. An ce takardar ta kai sama."

"Baba, bara ma haka aka ce."

Malama ta sa baki, ni ma na sa. Ya ƙi. Ya ce shi ba kaya ba ne da za a ɗauka a ajiye. Ya ce duk itacen da ke wurin nan shi ya dasa, ya san ranar da ya dasa kowanne. Murya ta fara tashi, har Makanike ya miƙe yana cewa to in gini ya faɗa musu kada a ce bai faɗa ba. Amarya kuwa tun da aka fara tana gefe tana tsince wake a faranti. Sai ta ajiye farantin.

"Malam, ni tsoro nake ji," in ji ta. "In na ga hadari cikina ciwo yake. Shekara uku ke nan ban gaya maka ba."

Yaya ya juya wajen da muryarta ta fito, ya daɗe yana kallonta.

"Shekara uku?"

"Uku."

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Ya ce wa Makanike ya nemo mota ranar da ya samu sarari.

An nemi mai sayen filin ba a samu ba. Mutum ɗaya ne ya zo, ya leƙa ramin, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya hau babur ɗinsa. Kaji aka sayar, awaki shida mahauci ya kwashe. Mai Gardama ce Yaya ya hana. Ya ja ta da kansa zuwa gidan Dogo, tana turjewa yana ja, ya ce a bar ta ta mutu don kanta. Dogo ya karɓi igiyar, ya buɗe baki zai yi tsokanar da ya saba, sai ya fasa. Tattabarun an tafi da su cikin kwali, amma kwana biyu da sakinsu suka koma tsohon gida. Aka sake kamowa, suka sake komawa. Yaya ya ce a ƙyale su.

Gidan Makanike gida ne mai kyau, ba laifi. Tsakar gidan duk siminti ne, da famfo a kusurwa da igiyar shanya. Ɗakinsu yana kallon bangon maƙwabta. Surukarsa tana kula da shi sosai, jikoki suna hawa jikinsa. Ya taho da dashen lemon tsami biyu a cikin bokiti, amma rana ba ta shiga wurin sai awa ɗaya, suka yi rawaya suka zube. Ɗakin baya na tsohon gidan ya faɗa a tsakiyar daminar da suka tashi. Dogo ne ya aiko da labari. Da aka gaya wa Yaya sai ya tambaya ko lemon tsamin babba yana nan. Aka ce yana nan tukuna.

Yanzu yakan zauna a kan kujerar roba a ƙofar gida. Yana gaisawa da kowa, yana wasa da yara, in na zo yana tsokanata cewa na tsufa na fi shi. Lafiyarsa ƙalau in ban da idon. Amma yakan tashi tun da sassafe ya sa takalmi, ya zagaya tsakar gidan sau biyu, ya rasa abin yi, ya cire takalmin.

Watan jiya na je na tarar Amarya za ta ɗora girki ba tumatir, surukar kuma ta fita. Ta ce masa ya taimaka ya sayo a bakin titi, ko ya miƙe ƙafa. Sai ya tashi. Na bi shi don in riƙe masa hannu wajen tsallaka titi.

Mai tumatirin wata mata ce, ta kasa su kashi-kashi a kan tebur. Yaya ya ɗauki ɗaya ya juya shi a hannu, ya latsa, ya kai hanci.

"Wannan an cika masa ruwa," in ji shi. "Kuma ɗanye aka cire shi. Wanda ya noma shi ya yi gaggawa, da ya bar shi kwana huɗu a jikin uwarsa."

Ya ajiye ya ɗauki wani. "Wannan kuma takin zamani ya yi masa yawa. Gobe war haka ya ruɓe."

Mutane biyu suna tsaye a bayanmu suna jira. Matar ta dube ni, ta dube shi.

"Baba, saya za ka yi ko kuwa?"

Ya tsaya da tumatirin a hannu. Na ga leɓensa yana motsi kamar zai gaya mata wani abu, amma bai faɗa ba. Ya mayar da shi kan kashin a hankali.

"Saya zan yi, 'yata. Zuba mini kashi biyu."

Ta zuba a leda ta miƙo. Ya karɓa, na kama hannunsa, muka tsaya a bakin titi muna jiran motoci su wuce.